Kakan Angus Yana Cikin Ƙanƙara

Kowace yamma, da zarar an kaɗa ƙararrawar cin abinci a Otal ɗin Dunmore, sai Angus Tiernan ya saka baƙar kwat ɗinsa, ya tsaya a bayan kujerar da ba mai zama a kanta, ya jira baƙi su yi tsit. An jera faranti a gaban kujerar, da cokali da wuƙa, da ɗan kofin wiski. Sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa da safiyar nan, ya fara.

Labarin kakansa ne, Cormac Tiernan, wanda ya gina otal ɗin da katakon da ya sara da hannunsa, tun zamanin da sai a kan doki ake shigowa wannan lungu na yammacin New Zealand, a ƙetare koguna marasa gada. Wata rana, kafin yaƙin duniya na biyu, hadari ya rufe wasu baƙi biyu a saman kogin ƙanƙarar da mutanen gari ke kira Tsohuwa. Cormac ya ɗauki igiya da gatarinsa ya bi sawunsu. Baƙin suka dawo da ƙafarsu. Shi bai dawo ba. Matarsa ta ce kada a kuskura a ɗauke farantinsa sai ranar da Tsohuwa ta mayar da shi, don kowa ya san halinta: abin da ta haɗiye a can sama tana gangarowa da shi a cikinta sannu a hankali, ko ba jima ko ba daɗe sai ta amayar da shi a ƙasa.

Angus ya san inda ake karya murya, ya san inda ake shiru a kalli taga. Matan da suka zo daga nesa su yi ta sharar hawaye, mazajensu su ƙara odar kwalba.

A zamanin Cormac, in ka zauna a ɗakin nan sai ka ga Tsohuwa ta cika taga, fara fat, har sanyinta na huce maka shayi. Yanzu kuwa ta ja da baya ta laɓe a bayan dutse, ba abin da ya rage a tagar sai tsakuwa da ruwan sama. Ɗakunan kwana na warin danshi, famfo sai ya yi tari sau uku kafin ya ba da ruwa, ga sababbin masaukai a bakin titi masu ruwan zafi ba yankewa. Ba abin da ke sa mutum ya wuce su ya hauro Dunmore sai wannan faranti. Mamacin shi ke ciyar da gidan, ya fi duk masu rai kawo ciniki.

Sai dai akwai abin da Angus ke ɗauke da shi a ciki tun yana saurayi. Shekarar da ya fara aske gemu, mahaifinsa ya ɗauke shi suka tafi Ostareliya, can arewa, wani gari da rake ya kewaye, zafi kamar a bakin murhu. Suka shiga wani shagon soyayyen kifi. Wani tsoho mai tumbi, da gajeren wando, yana zaune a ƙarƙashin fanka, wata tsohuwa na juya kifi a mai.

Mahaifinsa ya ce, “Gaida kakanka.”

Tsohuwar kuwa ita ce mai wankin otal ɗin a da. Ranar hadarin, Cormac ya bi wata hanya ya zagaya dutse, ita tana jiransa da dawakai biyu. Tsohon ya ba jikansa kifi, ya ce masa tun yana yaro ya tsani sanyi, ko a cikin lemo ba ya yarda a sa masa ƙanƙara. A hanyar dawowa mahaifin ya ce, “Abin da ka gani, da shi za a binne ka.” Angus ya riƙe. Ko matarsa Noeline, da suka tsufa tare a gado ɗaya, bai taɓa ko ɗan ɓantara mata ba. Wani lokaci in ya ga mutanen gari suna cire hula a gaban hoton Cormac, tausayinsu yake ji, irin tausayin da mai wayo ke yi wa bayin Allah.

Masu auna ƙanƙara daga jami'a ne suka ɓata komai. Suka zo da sandunansu da na'urorinsu, suka sha shayin Angus, suka cinye masa biskit, sannan babbansu ya yi masa albishir. Ya ce bisa lissafinsu, ƙanƙarar da ke wurin da Cormac ya ɓace ta riga ta gangaro bakin Tsohuwa. “Bana za ka ga kakanka, in ya yi jinkiri, baɗi.” Bai tsaya nan ba, ya je ya faɗa wa jarida. Kafin mako ya zagayo wata 'yar talabijin mai suna Tessa Aldridge ta bugo waya, ta ce za ta zo da mai kyamara ranar tunawa da Cormac da ake yi duk shekara.

Angus ya daina cin abinci. In Tsohuwa ta narke har ta wuce wurin ba ta fito da ko maɓallin riga ba, za a fara tambaya. In aka fara tambaya, wani mai ƙwazo zai tona, kuma mai tonawa ba zai sha wahala ba. Daga nan ba faranti, ba baƙi, sunan Tiernan ya zama abin dariya a kowace mashaya daga nan har bakin teku.

Noeline ta dube shi yana juya cokali a miya. “Kai tsoho, me ke cin ka? Kakanka zai dawo gida, kai kuma kana ramewa.”

“Murna ce,” in ji shi.

“To Allah ya raba mu da irin wannan murna.”

Ana saura kwana kaɗan, ya hau silin, inda aka tara tarkacen tsofaffin 'yan jagora masu kai baƙi kan ƙanƙara. Ya zaɓo takalma masu ƙusoshi, ƙafa biyu, da gatarin ƙanƙara mai tambarin C.T. a ƙotarsa. Ya jiƙa su a rafin bayan gida, ya goga musu tsakuwa, ya daddaka takalman da dutse har suka yi kama da abin da ya sha wuya. Da sassafe ya cusa su a jaka, ya ce wa Noeline zai je duba bututun ruwa. Ya kama hanyar kwari da gwiwoyinsa masu ƙara, ya tsallake igiyar da hukuma ta ɗaura don hana mutane matsawa, ya isa bakin Tsohuwa inda ruwa mai launin toka ke bulbulowa daga ƙarƙashinta. Ya tura kayan a wani lungu na ƙanƙara, ya yayyafa tsakuwa. Wani akun dutse ya sauka a kusa yana karkata kai yana kallonsa.

“Ka faɗa wa wani in soya ka,” in ji Angus.

Ya dawo gida da laka har cinya, ya cinye abincin mutum biyu.

Ranar tunawa kuwa al'adar ba ta canzawa. Gari gaba ɗaya ke haura kwari da ƙafa, Angus a gaba da kwalbar wiski, a zuba wa Tsohuwa a baki, a roƙe ta ta saki mutumin. Bana taron ya ninka. Ga baƙin otal da rigunan ruwa masu launi, ga ɗan sandan gari yana hamma, ga Tessa Aldridge, doguwa mai kaifin ido, mai kyamararta na biye da ita. Merv Hanrahan ma ya zo, mai jirgi mai saukar ungulu da ke kai baƙi saman ƙanƙara, wanda shi da Angus suka shekara ashirin suna gaisawa da haɓa saboda rigimar wurin ajiye motoci. Glenys Pike mai kantin gari tana tafe da sandarta tana ƙorafin tsakuwa.

Angus ya zuba wiskin. Ya ɗan matsa gefe kamar mai neman wurin share hawaye, sai ya daskare, ya nuna da yatsa.

“Mene ne wancan?”

Ya durƙusa, ya tone, ya ɗago takalmi. Ya ɗago na biyu. Ya jawo gatari, ya juya tambarin ya fuskanci kyamara. Kukan da ya yi a wurin, shi kansa ya san bai taɓa yin mai kyau irinsa ba. Noeline ta dafa kafaɗarsa. Baƙi suka ɗaga wayoyi.

Sai wani baƙo ya yi kira daga bayan wani ƙaton dutse. “Ku zo! Ga wasu nan!”

Ya fito riƙe da takalma biyu masu ƙusoshi da gatari. A ƙotar gatarin an ƙona C.T.

Kukan Angus ya yanke. Kafin ya miƙe, wata mata ta zaro gatari na uku daga cikin tsakuwa, da takalmi ƙafa ɗaya. Aka samo lofe. Aka samo agogon aljihu, wanda Angus ya gane nan take, don tun ranar aurensu yake cikin akwatin Noeline. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ta duƙufa tana kallon gajimare.

Ɗan sanda ya jera kayan a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya ja da baya yana sosa ƙeya. Tessa ta zagaya dutsen a hankali, ta ƙirga da yatsa, ta miƙa wa Angus makirufo.

“Yallaɓai Tiernan, ka gafarce ni. Ƙafa nawa ne da kakanka?”

Ba abin da ake ji sai rurin ruwa. Angus ya ga otal ɗin a idonsa, tagogi a rufe da katako, ciyawa ta cinye matakala.

Merv Hanrahan ne ya cire hula. Ya tako gaba da fuskar jana'iza, ya ɗauki takalma biyu ya rungume.

“Na kakana ne,” ya ce. “Jack Hanrahan. Da aka ga Cormac bai dawo ba, shi ya bi shi. Ba mu cika faɗa ba. Mu Hanrahan ba mu iya tallan mamatanmu ba.”

Tessa ta ce, “Amma gatarin an rubuta C.T.”

“Kayan otal ne, 'yata. Cormac ko cokali sai ya sa wa tambari. Allah ya ji ƙansa, hannunsa bai san hanyar aljihu ba.”

Glenys ta riga ta iso dutsen, sandar ma ta manta da ita. Ta ɗauki takalmi na biyar ta manna a ƙirji. “Wayyo kawuna Walter! Shi ne na ukunsu. Yaro ɗanye, ko aure bai yi ba.”

“Ɗaya ƙafar fa?” in ji Tessa.

“Tana ciki,” in ji Glenys, ta nuna Tsohuwa da haɓa. “Ba ta sakin abu gaba ɗaya. Ku dawo baɗi.”

Tessa ta tambayi ɗan sanda ina ƙasusuwa. Ya ce abin da ke niƙe dutse ya zama gari, ƙashi me ne a wurinta, ya ci gaba da kallon takalminsa. Sai ta juyo kan Angus, kyamara ta juyo da ita.

“Na karanta duk abin da aka rubuta a kan otal ɗinka, ban taɓa ganin an ce su uku ne ba. Gaskiya ne?”

Merv na kallonsa. Glenys na kallonsa ta saman takalmi. Gari duka na kallonsa, kuma a fuskokin nan da ya shekara hamsin yana tausaya wa, bai ga bawan Allah marar wayo ko ɗaya ba.

“Gaskiya ne,” ya ce. “Su uku ne.”

A hanyar gangarowa ya ja Merv da Glenys baya, Noeline ta tsaya tare da su, suka bar taro ya yi nisa.

“Tun yaushe kuka sani?”

Merv ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa dutse. “Haba mutumina! Iyayena a can Ostareliya suka yi hutun amarci. Kifi kyauta har mako guda. Babana ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba.”

Glenys ta ce, “Mai wankin da ya gudu da ita ƙanwar kakata ce. Wa kake tsammani ya ɗaure mata kaya?”

Angus ya juya ga matarsa. “Ke kuma fa?”

“Uwarka ta faɗa mini ranar da aka sa mana rana. Ta ce kada in nuna maka, wai riƙon sirrin shi ke sa ka tafiya a miƙe.”

“Shekara nawa ina tsayawa a bayan kujerar nan ina kuka, kuna kallona!”

“Ai kana yi da kyau,” in ji Noeline. “Mu ma wani sa'in har mukan ji wani abu.”

“To me ya hana ɗayanku ya zo ya ce mini zai ajiye takalmi? Da baki ɗaya ya isa!”

Suka dube shi kamar ya yi ashar a coci. Merv ya ce, “Ka taɓa jin an yi wannan magana a garin nan? Mutum ya ga maƙwabcinsa cikin matsala, sai ya je ya gyara a ɓoye ya dawo ya yi shiru. Haka muka taso. In otal ɗinka ya mutu, wa zan ɗauka a jirgi, tumaki?”

“Ke kuma me ya sa ƙafa ɗaya?”

“Ɗayar na shuka fure a ciki,” in ji Glenys. “Ya yi kyau, ba zan tumɓuke shi don kakanka ba.”

Daga nan aka shiga ciniki, suna tafe suna tsallake kududdufai. Merv ya ce hoton kakansa zai hau bango daidai da na Cormac, ba ƙasa ba, kuma teburin sayar da tikitin jirginsa zai shiga zauren otal. Wurin ajiye motocin ma a bar maganarsa, ya zama nasa. Glenys ta ce takalmin kawunta a kantinta zai zauna cikin gilashi, mai son gani ya shigo ta ƙofar da ake sayayya. Angus ya yi fushi, ya yi rantsuwa, ya ce kakansa ne, shi kaɗai ya gaje shi. Merv ya ce to madalla, bari ya kira 'yar talabijin a sake ƙirga ƙafafu. Kafin su iso gada Angus ya amince da komai.

A bakin gada suka tarar da Tessa tana jiransu, fuska cike da fara'a. Ta ce labarin ya fi yadda ta zata. Ta ce za su ci abinci su huta, in ruwa ya tsagaita kafin rana ta faɗi za su je maƙabartar coci su ɗauki hoton dutsen tunawa da Cormac.

Merv ya yi murmushi har ta ba da baya. Sannan ya damƙi hannun Angus.

“Akwai matsala.”

Kawun Glenys ba shi da kabari, don ba a taɓa haihuwarsa ba. Amma Jack Hanrahan yana kwance a maƙabartar, taku kaɗan daga dutsen Cormac, da ƙaton dutse a kansa da aka sassaƙa sunansa da shekarar rasuwarsa. Ya haura tasa'in, ya mutu a kan gadonsa bayan ya cinye wainar ƙananan kifi da aka soya wa mutum huɗu. Rabin garin sun ci abincin jana'izarsa.

Haka Angus Tiernan, da baƙar kwat ɗinsa ta ranar tunawa, ya tsinci kansa a maƙabarta cikin ruwan sama da ƙarfen haƙa a hannu. Noeline na tsaye a bakin ƙofa tana gadi da lema. Suka tone gindin dutsen, suka girgiza shi, ya ƙi. Jack Hanrahan da rai ma ba ya matsawa in ya zauna.

“Tura ta can,” in ji Merv. “Fuskarsa ƙasa za mu kwantar da shi. Ya daɗe a tsaye, ya huta.”

“Kakanka ne fa.”

“Ya yi shekaru a nan bai kawo ko kwabo ba. Tura.”

Angus ya sa kafaɗa. Dutsen ya yi ƙara, ya karkata.

“A hankali, kai!” in ji Merv. “Jarumi ne.”

Dutsen ya kife cikin laka, a daidai lokacin wani abu ya ce ƙas a ƙashin bayan Angus. Ya tsaya a duƙe, ya kasa miƙewa. Ya ce wa Noeline ta kira wani ya zo a ɗauke shi.

Ta leƙa titi ta dawo. “Ba kowa.”

“Kamar yaya ba kowa? Yanzu gari duka ya sauko!”

“Sun shige gida.”

Ya daure ya ja jiki zuwa shinge a duƙe, ya ɗaga kai iya yadda bayansa ya yarda. Daga tudun coci ana ganin garin gaba ɗaya, layi guda ne. Mai gareji ya jingina tsani a rumbunsa. Matar mai nama na jawo tsohon akwati zuwa baranda. Ɗan sanda da kansa, da kakin sarki a jikinsa, yana tsugune a bakin rafin bayan ofishinsa yana jiƙa wani abu mai ƙusoshi.